Wuta Biyun da Baba Ya Koya Mini

Mahaifina ya yi shekara goma sha huɗu ba ya gani kafin Allah ya karɓi abinsa, amma duk faɗin Nguru ban san mai ido biyu da ya kai shi sanin mota ba. Shekara talatin ya yi yana jan babbar mota, tun lokacin da ake kwaso gyaɗa da fatu daga ƙauyuka ana zubewa a bakin tashar jirgin ƙasa. Da idon ya tafi, a farkon shekarun casa'in, sai ya miƙa wa mai mota makullinsa ya dawo kan tabarma a ƙofar gida, kunnensa na kan titi. Mota za ta wuce can nesa, ka ji ya ce, "Mai wannan ba ya yi mata juyen baƙin mai, Allah ya shirye shi." Mu yi ta dariya. In aka bincika sai a tarar haka ɗin ne.

Akwai kuma wani hali nasa da duk gidanmu aka sani. Baba ba ya barci a motar da wani ke ja. Ko tafiyar yini ce, yana zaune ƙyam, hannu ɗaya a jikin ƙofa, ƙafarsa ta dama tana taka birkin da babu shi. Ya ce ya ga abin da ya gani a hanya, ba zai damƙa wa ɗan wani ransa ya kama gyangyaɗi ba. Ko bayan ya daina gani bai canza ba.

Ni ne na ukunsa, kuma ni kaɗai na gado son ƙarfe. Shi ya koya mini tuƙi da baki, yana zaune a gefena cikin wata tsohuwar akori-kura ta maƙwabcinmu, yana gane kuskurena da kunne tun kafin ni na gane shi da ido. Cikin duk abin da ya koya mini akwai ɗaya da ya riƙe kamar farilla. In ka iso inda za ka, ba ka kashe mota haka kawai. Sai ka ba ta wuta sau biyu, ɓuuu, ɓuuu, ka murɗe makulli tana tsakiyar kuka na biyun. Wai mai ya hau sama, batir ya ƙoshi, gobe da safe bugu ɗaya ta tashi. Ba shi kaɗai ba, duk direbobin tasha haka suke yi, har masu babur. Ranar da na manta na kashe shiru, sai ya ce, "Wa ya koya maka kashe mota kamar ɓarawo?" Ban ƙara mantawa ba. Har ta kai da wannan wuta biyun yake gane na dawo gida. Ya ce kowa da irin tasa, tawa ta biyun ta fi ta farko tsawo.

Sana'ata tattasai ce da bandar kifi, ina saye a Gashuwa da ƙauyukan fadama ina turawa Kano. Da kasuwa ta yi mini kyau, shekara biyu bayan shigowar dubu biyu, sai na sayi mota 'yar Kwatano. Baƙa ce, gajeriya, mai shan gas, da wani abu a jikin injinta da ake kira turbo. Wani dunƙulen ƙarfe ne mai farfela a ciki, hayaƙin salansa ke juya shi, shi kuma ya hura wa injin iska kamar zuga-zugin maƙeri. In ka taka totur sai ka ji wani siririn fito ya taso, motar ta manna ka da kujera. Kai, na so motar nan. Wallahi na so ta fiye da yadda ya kamata mutum ya so ƙarfe.

Ranar da na kawo ta gida Baba ya ce in buɗe masa bonet. Ya jira injin ya huce, sannan ya bi shi da yatsu tun daga lagireto har bango, yana tambaya, "Wannan fa? Wannan bututun ina ya nufa?" Ya ɓalle murfin akwatin da injin ke shaƙar iska, ya shafa cikinsa, ya mayar. Sai ya ce in tayar. Ya karkatar da kai yana saurare har na gaji da tsayuwa.

"Wannan ba motar hanyarmu ba ce," ya ce. "Ƙarfinta ya ishe ta har ya yi yawa. Kawo hannunka."

Na ba shi hannu, ya riƙe.

"Ka yi mini alkawari ɗaya. Kar ka bari wani ya sa sifana a injin nan da sunan ƙara mata gudu. Wanda ya ƙera ta ya auna komai daidai da komai."

Na ce na yi alkawari, kuma a lokacin da gaske nake.

Duk mako biyu Baba yana zuwa Gashuwa gaida wansa da muke kira Baffa, wanda ciwon ƙafa ya zaunar. Da a motar haya ake kai shi, a matse shi tsakanin buhuna da kwandunan kaji. Yanzu sai gidan gaba. In sauke shi da hantsi, in shiga kasuwar tattasai, in ɗauko shi bayan la'asar. A tafiya ta uku ko ta huɗu, muna dawowa, mun wuce Jajimaji kenan, na juya zan yi masa magana sai na ga kansa ya langaɓe jikin kujera, bakinsa a ɗan buɗe. Baba yana barci. Na rage gudu, na riƙa lallaɓa ramuka ɗaya bayan ɗaya har gida. Da na ba wa mahaifiyarmu labari sai ta dafe ƙirji ta ce ita shekara arba'in ba ta taɓa gani ba. Ban taɓa jin girman kaina kamar ranar ba.

To, ni kuma Allah ya yi ni da zuciya a kusa. Akwai wani abokin kasuwa, ɗan gidan attajirai, mai wata farar mota ta fetur. Wata rana ina ni kaɗai, a miƙaƙƙiyar hanyar nan da ba ta da rami sosai kafin a shiga Gashuwa, ya wuce ni kamar ina tsaye, yana danna mini hon yana kaɗa hula ta taga. Washegari a rumfar kifi, a gaban mutane, ya ce, "Jiya na wuce wata baƙar tukunya tana tafasa a hanya. Taka ce?" Aka fashe da dariya. Ni ma na yi, amma abinci bai shiga cikina ba ranar.

Zuwan da muka yi na gaba, ina sauke Baba a gidan Baffa na zarce wajen wani bakanike ɗan ƙabilar Bade da ya yi shekaru yana aiki a Legas. Garejinsa gindin darbejiya ne da akwatin ƙarfe ɗaya, amma kowa ya ce shi kaɗai ya san turbo a yankin. Ya zagaya motar, ya leƙa ƙarƙashinta, ya goge hannu.

"Alhaji," ya ce, ko da yake ko filin jirgi ban taɓa zuwa ba, "gudu kake so. To gudu ana gina shi daga ƙasa ne. Kulocin nan naka ya tsufa, da ƙyar yake riƙe ƙarfin da take da shi yanzu. Shi za a fara canzawa, a sa mai kauri, a canza birki. Daga Kano za a kawo, kuma sai an sauke giya, kwana biyu motar za ta yi a nan. Bayan shi akwai wani ƙaramin lagireto da ake ƙarawa don ya sanyaya iskar da turbo ke hurawa, ka san zafin garin nan. Shi ma sai an yini an kwana."

"Ba wanda za a gama yau?"

Ya yi murmushi. "Akwai wanda kowa ke so. In buɗe kusar famfo ta ƙara shan gas, in ɗaure wa turbo majanyi ya ƙara hurawa. Awa ɗaya. Amma shi ne na ƙarshe a layi, Alhaji, ba na farko ba."

Na tsaya ina lissafi, kuma ba lissafin gudu nake ba, na Baba nake. In motar ta kwana biyu a Gashuwa me zan ce masa? Zai tambaya, zai sa hannu ya shafa, zai tarar da sabon ƙarfe inda babu shi da. Kusa kuwa murɗa ta kawai za a yi, ba yatsan da zai gane. Wato cikin gyara uku ban zaɓi wanda ya fi dacewa da motar ba. Na zaɓi wanda zan iya ɓoye wa makaho.

Bakaniken ya yi aikin yana girgiza kai. Da ya gama na tayar, na zagaya, na dawo bakina har kunne. Na tsaya a gabansa na ba ta wuta biyun nan, ɓuuu, ɓuuu, na kashe. Sai ya yi tsalle kamar ya taka garwashi.

"Kai! Kai! Wa ya ce ka yi haka? Haka kake kashe ta kullum?"

Na ce haka kowa ke kashe mota.

"Motar kowa ba ta da turbo. Farfelar nan baƙin mai ne ke riƙe da ita. In ka ba ta wuta tana juyawa da gudu, ka kashe inji, mai ya tsaya, ita kuwa ba ta tsaya ba, sai ta yi ta cin kanta a bushe. Da can tana haƙuri da kai, yanzu da na ɗaure ta ba za ta yi ba. In ka iso, ka bar ta a silo, injin na aiki ba ka taka totur ba, minti biyu, ka kashe a hankali. Ka ji ni? In turbon nan ya fara zubar da mai cikin inji, abin da za ka gani ba za ka so shi ba."

Na ce na ji. A hanyar komawa, tun ba mu fita gari ba, Baba ya karkatar da kai.

"Yau muryarta ta yi kauri."

"Juye na yi mata, Baba. An wanke nozul."

Na ji gumi yana bin bayana. Sai ya ce, "To." Kafin mu kai Jajimaji ya yi barci. Mutumin da kunnensa bai taɓa yi masa ƙarya ba, ya ajiye kunnen ya ɗauki maganata.

Da muka iso ƙofar gida ya farka, yana jira. Na san abin da yake jira. In na bar ta a silo zai ce wa ya koya mini, in na ce bakanike zai ce me ya kai ni wajensa. Ƙafata ta yi nauyi a kan totur. Na ba ta wuta biyu na kashe, kuma a cikin shirun da ya biyo baya na ji farfelar tana ci gaba da juyawa ita kaɗai, wani siririn kuka yana raguwa a hankali. Ban taɓa lura da shi ba sai ranar.

Haka na yi wata uku. A kasuwa, a Gashuwa, ko'ina in ina ni kaɗai, sai in bar ta a silo kamar yadda aka ce. A ƙofar gida kuwa, safe da yamma, Baba na kan tabarma, wuta biyu. Mai farar motar kuwa na wuce shi sau ɗaya, na kaɗa masa hula, kuma wallahi ban ji daɗin da na zata ba.

Sai alamu suka fara. Da safe in na tayar, hayaƙi mai shuɗi-shuɗi. Baƙin mai yana raguwa ba tare da ɗigo a ƙasa ba. Na riƙa sayen galan ina ɓoyewa a shago, ina ƙara mata a can, har nakan zarce alama don kar ya ƙare mini a hanya. Fiton nan mai daɗi ya koma kamar ana wasa wuƙa a dutse. Baba ya ce, "Fiton nan ya canza." Na ce gas ɗin 'yan bumburutu ne, sun gauraya shi da kananzir. Ya ce, "Allah ya shirye su." Tsoro ya hana ni sakat. Ina tsoron motar, ina tsoron Baba ya gane, kuma don wauta irin tawa na biyun ya fi ƙarfi. Na yanke shawara zuwan da za mu yi na gaba, ina sauke shi zan kai ta gindin darbejiya a mayar da komai yadda yake.

Ranar kaka ce, ruwa bai gama janyewa daga fadama ba, ciyawar kachala ta yi tsayi a gefen hanya, an shanya tattasai ja wur a kan tabarmi a bakin ƙauyuka. Mun bar Nguru da hantsi. Ina tafiya a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai. Baba yana sanye da farar babbar rigarsa ta zuwa gaisuwa, carbi a hannun dama, ya soma gyangyaɗi. Bayan Jajimaji na tarar da wata motar shinkafa tana rarrafe tana cika mu da hayaƙi. Na leƙa, ba kowa. Na taka totur na wuce ta, na koma hannuna, na ɗaga ƙafa.

Motar ba ta rage ba. Ƙara gudu ta yi.

Na zata totur ne ya maƙale, na sa yatsan ƙafa na ɗago shi, yana sama lafiya lau. Kukan injin yana hawa, yana hawa, irin kukan da ban taɓa ji daga ƙarfe ba. Na duba madubi, babu hanya, babu motar shinkafa, sai farin hayaƙi ya rufe duniya. Na murɗe makulli na kashe. Fitilun gaban sitiyari suka mutu, injin bai mutu ba. Ina riƙe da makullin motar da na kashe, ita kuwa tana gudu da mu. Na fara salati da ƙarfi.

"Kar ka zare makullin!" Baba ne, ya farka, muryarsa ta koma ta direba. "Sitiyari zai kulle. Baƙin manta take sha, makulli ba ruwansa. Giya ta nawa kake?"

"Ta huɗu!"

"Sa ta ƙarshe. Ka saki kuloci gaba ɗaya, ka hau birki da duk ƙarfinka. Shaƙe ta za mu yi ta mutu. Me ke gabanmu?"

Abin da ke gabanmu 'yar kasuwar bakin hanya ce, rumfuna biyar ko shida, mata masu soya kifi, da wani mai fetur da ya jera jarkoki da kwalabe a kan teburi. Na sa giyar, na tashi tsaye a kan birki har kaina ya bugi rufi. Motar ta yi ƙugi, ta girgiza, na ji injin ya fara sarewa. Na ce alhamdulillahi. Sai wani wari ya cika motar, kamar an ƙona gashi, kukan ya sake tashi sama fiye da da. Kuloci ne. Tsohon kulocin da aka ce in fara canzawa ya ƙone, ya saki injin. Tayoyi suka rabu da shi, birki ya kama, muka ja muka tsaya a gefen hanya, taku kaɗan daga teburin mai fetur. Injin kuwa yanzu ba abin da ke riƙe shi, bonet yana rawa, hayaƙi yana shigowa ta ko'ina.

Abin da zan faɗa yanzu na yi shekaru ban faɗa wa kowa ba. Na buɗe ƙofa na gudu. Ban yi tunani ba, ban waiwaya ba, na ranta a na kare na bar mahaifina makaho a cikin motar. Na yi taku ashirin ko fi, ina cikin matan da ke gudu da 'ya'yansu a hannu, sai na ji yana kiran sunana. Ba da faɗa ba, ba da kuka ba, yadda yake kirana in zai ce in miƙo masa buta. Wannan kiran ne ya tsayar da ni.

Na dawo na tarar ya fito da kansa, yana bin jikin motar da hannu har ya kai gaba.

"Ja bonet," ya ce.

"Baba mu gudu, fashewa zai yi!"

"Akwai mutane?"

"Akwai mata da yara. Akwai fetur a jarkoki."

"To ja bonet."

Na ja, na zo na ɗaga. Zafi ya daki fuskata, ƙara kamar kunnena zai tsage. Hannuwana biyu na riƙe da bonet, na kasa ko neman sandar da ake tokare shi. Baba ya tuɓe babbar rigarsa ya dunƙule ta a hammata. Ni mai ido biyu, mai motar, wallahi ban san ta inda injin ke numfashi ba. Shi ya sani, ya shafa shi sau ɗaya wata tara da suka wuce. Ya miƙa hannun dama cikin hayaƙin yana lalube. Na ga hannun ya nufi wajen fanka, na buɗe baki in yi ihu, sai na ji ƙas. Jini ya fantsamo mini a riga. Ya janye hannun ya matse a ciki, ya miƙa na hagu, ya sami akwatin iskar, ya ɓalle murfin, ya fizge matatar ya jefar, ya cusa rigar a bakin bututun ya kwanta a kai da ƙirjinsa. Injin ya ja rigar, ya yi tari, ya yi wani gurnani mai tsawo, ya girgiza sau biyu ya mutu.

Shirun da ya biyo baya har yanzu ina jin sa. Sai kukan wata jaririya can cikin kachala, da man kifi da aka bari a wuta yana ƙonewa. Baba ya zauna a ƙasa, ya jingina da taya, ya ce, "Duba min, saura nawa?" Na duba. Manuniya da na tsakiya na hannun dama sun tafi daga gaɓa ta biyu. Sai na fashe da kuka. Mai motar shinkafar da na wuce shi ne ya tsaya, ya yaga rawaninsa ya ɗaure hannun, ya kai mu asibiti a Gashuwa.

Kwana uku Baba bai tambaye ni komai ba, ni kuma ban ce komai ba. Ina zaune a bakin gadonsa ina jiran ranar. A rana ta huɗu bakaniken ya zo dubiya, don shi ya jawo motar zuwa garejinsa. Mutumin kirki ne, bai san akwai abin da ake ɓoyewa ba. Ya durƙusa ya gaida Baba, ya yi masa sannu, ya ce duk garin ana maganar abin da ya yi. Sai ya juyo gare ni.

"Alhaji, na buɗe turbon. Farfelar ta cinye mazauninta tas, shi ya sa mai ya zuba cikin inji. Tun ranar da na buɗe maka famfo na ce kar ka ƙara ba ta wuta kafin ka kashe. Ka ci gaba, ko?"

Na sunkuyar da kai. Baba ya juyo da fuskarsa wajen muryar bakaniken.

"Malam, wutar da ake ba mota kafin a kashe, ita ta jawo?"

"Ita ce, Baba. A irin motocinku na da ba ta yin komai. Wannan kuwa guba ce gare ta."

Baba ya ce ya gode. Da mutumin ya fita muka rage mu biyu. Na gwammace ya zage ni, ya ɗaga hannun lafiyar ya mare ni. Sai ya ce a hankali, "Ka sani kenan. Wata nawa?"

"Uku, Baba."

"Wata uku kana kashe ta a gabana kana sane, don kar in ji." Ya gyara kwanciyar hannun a kan ƙirjinsa. "Alkawarin da ka karya, wannan ƙuruciya ce, ni ma na yi. Abin da ya dame ni, ashe na zama mutumin da ɗansa zai gwammace ya hau mutuwa da shi a kan ya ce masa, Baba, abin da ka koya mini ya tsufa."

Gudun da na yi kuwa bai taɓa ambata ba, har ya koma ga Allah. Na san ya ji buɗe ƙofar, ya ji takun.

Na sayar da baƙar motar yadda take, na yi wata biyar ina hawa motar haya. Daga baya na sayi wata tsohuwa mai sanyin hali, ba turbo ba komai. Baba ya ci gaba da bina Gashuwa duk mako biyu, a gidan gaba, muna hira, har dariya muna yi. Amma yana zaune ƙyam, hannu a jikin ƙofa, ƙafar dama tana taka birkin da babu shi. Nakan rage gudu bayan Jajimaji in lallaɓa ramuka, in saci kallonsa. Shekara huɗu muka yi a haka, bai ƙara runtsawa a gefena ba.

Ranar da na fara kawo wannan tsohuwar motar gida kuwa, bayan la'asar ne, yana kan tabarmarsa, carbi ya koma hannun hagu. Na tsaya a ƙofa. Ƙafata ta je kan totur da kanta, na kasa takawa. Na bar ta a silo, na kashe shiru, na fito. Baba ya ɗaga kai ya karkatar da kunne.

"Wane ne?"

Na zo na durƙusa a gabansa. Ya miƙo hannun dama kamar yadda ya saba, ya ɗora a fuskata, guntayen yatsun suna bin goshina da hancina. Ya daɗe yana shafawa. Sai ya sauke hannun a cinyarsa.

"Yi magana, ɗan nan," ya ce. "Hannun nan ba ya gane fuska yanzu."